Ɗiyar Wa Ce Wannan?

Littafin Lantana, matar Barau direba, kwatas ɗin ƙananan ma'aikatan dam, Talata Mafara. Wanda ya tsinta ya karanta, shi da Allah.

Litinin, 7 ga Afrilu 1980, bayan la'asar

A nan kwatas, in ka gaya wa mutum magana da safe, kafin azahar ta riga ka zuwa bakin famfo. Shi ya sa na koma wa takarda.

Za a tashe rumfarmu. Rumfar yamma nake nufi, inda ni da Malam Labaran muke riƙe yaran ma'aikata in sun taso firamare, daga ƙarfe ɗaya da rabi har biyar, kafin iyayensu su dawo daga gonar tumatir da wurin dafa wa leburori abinci. Yara talatin da shida, kunu kofi ɗaya, karatu kaɗan, faɗa da yawa. Yau Madam, mai kula da iyalan ma'aikata, ta zo da takalminta mai tsini ta ce saboda abin da ke faruwa a hanyoyi, za a mai da mu wani ɗaki cikin waya, kusa da ofis. Litinin mai zuwa kowane yaro zai zo da uwarsa ko ubansa, a faɗi sunansa, a ba shi kati. Mai gadi ba zai bar marar kati ya shiga ba.

Kowa ya ce an kyauta. Ni ma na ce an kyauta, da baki.

Baraka, ƙaramar ɗiyata, ba ta da matsala, shekararta shida, tana aji ɗaya. Babbar ce abin tunani. Ba ta cikin rajistar kowa. Firamare ba su karɓe ta ba, sun ce mil biyu ne, ga tsallake kanal, wa zai riƙa ɗauko ta? Rumfa kuwa ba ta da ƙofa, shi ya sa shekara biyu ke nan ubanta yake ajiye ta a can da kekensa in ya zo cin abincin rana, ba wanda ya tambaya. Duk abin da ta sani a duniya, a ƙasan rumfar nan ta tsince shi. Yanzu an kawo ƙofa.

Laraba, 9 ga Afrilu, da hantsi

An tura Barau Sakkwato ɗauko kaya. Na tare shi yana ɗaura agogo, na ce ranar Litinin fa?

Ya ce, "Kwana ukku na, Lantana. Asabar ina nan. Ni za ni kai ta da kaina, in hwaɗa musu sunanta har su gaji da ji."

Ya tsuguna ya ja mata hanci, ta cije shi a yatsa. Su biyun ba su da kunyar kowa. Shi ma ɗiyar fari ce gare shi, amma tun ranar da ƙafafunta suka mutu ya ajiye kunyar, ya ce wanda zai yi magana ya yi. Namiji ne, an yi maganar wata biyu an gaji.

Da azahar Inno, mahaifiyarsa, ta iso daga Janbako da ƙunshinta. Ta ce can hankali bai kwance, Buba ƙanin Barau kwana goma bai kwana gida ba, yana wurin manoman da ke tare hanya kan diyyar gonakin da dam ya ci. Mun gaisa har gwiwata ta gaji da durƙuso.

Juma'a, 11 ga Afrilu, ƙarfe shida

Yau a rumfa ɗan aji huɗu ya yi lissafi ba daidai ba. Babbar tana zaune a ƙasa gabansa, littafin yana fuskantarsa, ta ce masa, "Bakwai sau takwas ba hamsin da huɗu ba na, mai babban kai." Haka take karatu, rubutu a juye, don shekara biyu tana leƙen littattafan wasu daga ɗaya gefen. Yara suna ce mata Hedimasta. In ta sa silifa a hannu ta nufo su da jan gindi, sai ka ji ana ɓoye littafi.

Malam Labaran ya yi dariya ya dube ni. Na juya ina kwashe kofuna. Me zan yi? In yi murmushi a gaban mutane?

Shekara tara bakina bai taɓa kiran sunanta ba. Haka uwata ta yi wa yayana, haka uwarta ta yi. Ɗan fari ba a kiransa, ba a yabonsa, ba a nuna naka ne. “Ke” nake cewa, ko “waccan”. A gida tana ce mini Adda, kamar ni yayarta ce, a rumfa tana ce mini Malama kamar kowa. Ko a nan, ga alƙalami a hannuna, ba kowa a ɗakin, na kasa.

Da aka yaye ta Inno ce ta ɗauka, yadda aka saba, tun muna tsohon garinmu wanda yanzu kifi ke kwana a masallacinsa. Wata takwas tana yawo da ita gida gida tana nuna jikarta. Da zazzaɓi ya zo ya tafi da ƙafafun, aka ce shan inna ne, ko sati ba a yi ba sai ga ta an dawo mini da ita a zane. Aka ba ni goyo da wanki da kashi, amma ba a ce an ɗauke mini kunyar ba.

Asabar, 12 ga Afrilu, magariba

Barau bai dawo ba. An ce hanya a rufe take.

Lahadi, 13 ga Afrilu, bayan la'asar

Na dafa wa Inno tuwon dawa da miyar sure yadda take so. Da ta ci, na durƙusa daga nesa na ce, “Inno, gobe in Allah ya kai mu ana son wanda zai tsaya wa yarinyar nan. Tunda shi ba ya nan, ko za ki taimaka?”

Ta daɗe tana sakace haƙori. Ta ce, “Za ni.”

Na ji daɗi har na ƙara mata fura. Kaico da ni.

Litinin, 14 ga Afrilu, ƙarfe biyar da rabi

Ba zan rubuta komai yau ba.

Talata, 15 ga Afrilu, da asuba

Bari in rubuta, ko ya fita daga ƙirjina.

Ni na goya ta har rumfa, Inno na biye da mu. Mata sun cika, kusan duk kwatas. Madam a kan kujera da tebur, Malam Labaran an aike shi ofis ɗauko katuttuka. Madam ba 'yar nan ba ce, Hausarta ta bariki ce, wata huɗu ke nan da zuwanta. Ana kira ɗaya ɗaya. Da aka zo kan Baraka na matsa na ce, “Baraka Barau, ɗiyata ce, aji ɗaya.” Ko tuntuɓe harshena bai yi ba.

Aka gama layi. Saura ita kaɗai a gindin ginshiƙi, ta sa rigarta ta sallah, ta wanke allonta. Madam ta nuna ta da biro.

“Wannan yarinya na wane ne?”

Na dubi Inno. Inno tana duban silin rumfa kamar an rubuta mata wani abu a can.

“Na ce na wane ne? Babu mama? Babu baba?”

Mata suka yi tsit. Duk sun sani. Amma wa zai yi magana, ga kaka zaune, ga uwa tsaye? Kowa na jiran mai hakki. Ni kuma ga surukata taku uku daga inda nake, ga idon mata arba'in. Na buɗe baki, wallahi na buɗe. Abin da ya fito shi ne tari.

Madam ta juyo gare ni. “Malama, kin san ta?”

Na ce, “Takan zo.”

Abin da na ce ke nan. Takan zo.

Ita da kanta ta ɗaga hannu ta faɗi sunanta da na ubanta, da ƙarfi, yadda ake amsa tambaya a aji. Madam ta ce yaro ba ya rubuta kansa, kuma sabon ɗaki yana da matakala uku, in wani abu ya faru wa zai ɗauke ta? Ta rufe littafi.

A hanya Inno ta ce, “Hakanan ya hi. Mi gurguwa za ta yi da boko? Kullum a kai ta bainar jama'a ana kallo. In na koma Janbako da ita za ni, in koya mata saƙar faifai, ta zamna zaure ta sai da daddawa.”

A nan na gane. Ba mantuwa ta yi ba. Ta zo ne don ta zauna kusa da ni, ta san muddin tana wurin bakina a ɗaure yake. Da ma ban gayyace ta ba, da wataƙila na iya. Wataƙila. Yarinyar tana bayana duk wannan magana, ban ji ko motsinta ba.

Alhamis, 17 ga Afrilu, bayan magariba

Mun koma sabon ɗaki. Akwai fanka, akwai benci. Matakalar uku ce, gaskiya, amma wadda take hawa gadon ubanta da hannu biyu ba matakala uku za ta gagare ta ba.

Na dawo na same ta a bakin ƙofa ta cika siminti da lissafi da gawayi. Inno ta aje mata zaren kaba a gefe, ko taɓawa ba ta yi ba. Ta karɓi jakar Baraka ta duba aikin yau, ta gyara mata biyu. Sannan ba tare da ta ɗago ba ta ce, “Malama, ran nan kin ji abin da Madam tat tambaya?”

Na ce na ji.

Ta ce, “To.”

Malama. A cikin gida, a gaban murhu. Tun Litinin ba ta sake ce mini Adda ba.

Asabar, 19 ga Afrilu, azahar

Zafi. Famfo ya ƙafe tun safe. An kawo ruwan dam ya cinye mana gari, ga shi muna layi da bokiti.

Litinin, 21 ga Afrilu, ƙarfe shida

Na yi wa Malam Labaran magana bayan yara sun tafi. Mutumin kirki ne, irin kirkin da ba ya ɗaga komai daga ƙasa. Ya ce da yana wurin ran nan da shi ya faɗa. Na ce to yanzu fa? Ya sosa ƙeya ya ce ya gwada, Madam ta ce rajista ta rufe, sabon kati sai uba ya zo da kansa da katin aikinsa.

Ya ce, “Ki yi haƙuri har Barau shi dawo. Kuma Lantana, ba wanda yag ga laihinki. Kowa ya yaba. Matata har cewa tay yi irinki sun yi ƙaranci, mai kunya ta gaske.”

An yabe ni. Ina so in rubuta wannan da kyau don kada in manta: a kwatas an yaba mini.

Yara sun tambayi Hedimasta. Ɗan aji huɗun nan ya ba ni littafinsa wai in kai mata ta duba. Na kai. Ta ce a mayar masa, ba ta aiki daga gida.

Alhamis, 24 ga Afrilu, bayan la'asar

Barau ya dawo. Ta Bakura suka zagayo, ya rame, motar ba gilashi ɗaya. 

Ita ta ba shi labari, ba ni ba. Ina tsakar gida ina jin su. Ba ta yi kuka ba, ta jera masa abin daki daki, har da “takan zo”. Da ya fito na zaci zai yi faɗa. Da ya yi da na samu sauƙi. Ya tsaya kawai yana kallona, ya ce, “Ko sau guda, Lantana?”

Sannan ya ɗaga murya yadda Inno za ta ji daga ɗaki: “Litinin da sahe ni da ita muna ofis. Ba Janbako za ta ba.”

Da yamma ta sake wanke allonta.

Juma'a, 25 ga Afrilu, bayan masallaci

Wani ya zo ya yi wa Barau raɗa a ƙofa. Inno ta kama kuka tana kiran sunan Buba. Barau ya ce zai je ya janyo shi daga wurin masu tare hanya ko da duka ne, gobe da hantsi suna nan su biyu. Ya ɗauki keke. Katin aikinsa yana aljihun rigar da ya tafi da ita, na ga ya sa.

Asabar, 26 ga Afrilu, da hantsi

Motocin 'yan sanda sun wuce tun kafin kiran salla, masu yawa. Mun ji abin da muka ji daga nesa. Baraka ta ce ko bikin wani ne. Babbar ta ce mata ta yi shiru.

Asabar, magariba

Hayaƙi ta wajen gabas. An ce kowa ya zauna gidansa.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Babu labari.

Litinin, 28 ga Afrilu, da safe

Ta tashi tun asuba, ta sa rigar sallah, ta zauna a bakin ƙofa da allo. Har rana ta take tana nan. Ban ce ta cire ba. Ba a buɗe ɗakin yara ba yau.

Talata, 29 ga Afrilu

Babu labari. Malam Labaran ya je asibiti ya duba, ya je wani wurin kuma ya duba. Ya ce ba a barin mutane su shiga. Wasu sun ce an kwashi mutane da yawa an yi Sakkwato da su. Wasu sun ce wani abu dabam. Ba zan rubuta abin da suka ce ba.

Laraba, 30 ga Afrilu, ƙarfe huɗu

An buɗe ɗakin yara. Na bar yara da Malam Labaran na shiga ofishin Madam ba sallama. Ba Inno, ba mata, daga ni sai ita sai fanka. Na ce, “Yarinyar nan mai jan gindi, ɗiyata ce. Ni na haife ta.”

Ashe abin ba ya kashe mutum. Kalma nawa ce?

Ta cire tabarau ta dube ni. “Naki ne? Sau uku na tambaya. Kina tsaye a wurin kusa da ni.”

Na fara yi mata bayanin ɗan fari. Ina magana ina jin yadda abin yake fita, kamar ina ba ta labarin wata mahaukaciya. Ta saurara har ƙarshe, ban ce ba ta saurara ba. Ta ce ita ma uwa ce, a garinsu ɗan fari da sunansa ake kiran uwar. Ta ce da na faɗa ran nan da ta rubuta, matakala ba komai ba ce, tsoronta yaron da ba shi da kowa. Yanzu littafi ya koma sama, bayan abin da ya faru an hana ƙara ko suna ɗaya sai da uba da katinsa.

“Ina baban?”

Na ce yana zuwa.

Juma'a, 2 ga Mayu, bayan la'asar

An ga Buba a Janbako, da rauni a kafaɗa, ba ya magana da kowa. Shi kaɗai. Inno ta ce Talata za ta koma, kuma da yarinyar.

Na ce Inno a bari ubanta ya dawo. Karon farko ke nan da na mayar mata da magana tun da aka kawo ni gidansu.

Ta ce, “In na tahi wa za ya zamna da ita? Ke kina wurin aiki har biyar. Ki rufe ta ɗaki awa akuya? Ko ki bar aikin ku ci mi? Ɗiyar ɗana ta. In ya dawo shi zo shi ɗauka.”

Abin da ya fi ƙona mini rai, ba ƙarya ta faɗa ba. Na tashi na kama wanke-wanke.

Lahadi, 4 ga Mayu

Babu labari. Na ɗinke mata jaka, na sa allo da alli da littafin aji uku da Malam Labaran ya bayar. Inno ta ce kaya sun yi yawa. Na ce ni zan ɗauka har tasha.

Litinin, 5 ga Mayu, magariba

Na yi mata kitso. Kanta a cinyata awa biyu. Na yi ta jan aikin, na kwance layi ɗaya sau biyu ba dalili. Na yi niyyar in ce wani abu. Ta ce, “Malama, kina ja mini gashi.”

Talata, 6 ga Mayu, bayan azahar

Ranar kasuwa, tasha ba wurin sa ƙafa. Na goya ta tun daga kwatas, ta yi nauyi, ƙafafunta na bugun cinyoyina. Motar Janbako akori-kura ce, an cika ta da buhunan gishiri da mata masu komawa. Aka ɗaga ta aka aza a kan buhu can sama, Inno a ƙasa kusa da ita. Na miƙa jakar. Ta karɓa ta rungume, ba ta dube ni ba, tana karanta rubutun da ke jikin motar kusa da su, bakinta na motsi.

Baraka tana ta ɗaga hannu. Ni ina tsaye kamar wadda ta rako maƙwabciya.

Direba ya ta da mota. Ta fara tafiya, ta wuce masu rake, ta kusa kwana. Ban san lokacin da na yi ba. A tsakiyar tashar Mafara, ranar Talata, ga surukata, ga matan kwatas biyu da suka zo cefane, na buɗe murya iyakar ƙarfina.

“Taiba!”

Ta ji. Na ga ta ɗago kai da sauri. Ta duba wajen masu rake. Ta duba wajen rumfar mai shayi, inda direbobin kamfani suke zama, ta miƙa wuya sosai, ta daɗe tana neman wani a can. Ta duba matan da ke cikin motar ɗaya ɗaya. Ina tsaye a fili, hannuna a sama, ba abin da ya tare ni.

Ba ta duba inda nake ba. Har motar ta sha kwana tana neman wanda ya kira ta.